A Raba Riba, Kada A Raba Tukunya: Darasi Daga Gidan Abincin Kowloon Ga 'Yan Kasuwar Mubi

Duk wanda ya daɗe yana cin abinci a bakin tasha ko a gefen kasuwar shanu ta Mubi ya san yadda labarin masu wannan sana'a yakan ƙare. Mace ce ko namiji, sai mutum ya kafa rumfa da tukunya biyu, ya shekara ashirin ko talatin yana ciyar da direbobi da fatake da ɗalibai, har sunansa ya zama abin kwatance ga baƙo. Ranar da ta Allah ta kasance, bayan an share makoki, sai a zauna rabon gado. Wannan ya ɗauki tukwane, wancan ya ɗauki firji, a sayar da janareta da kujeru a raba kuɗin, mai shago kuma ya karɓi makullinsa. Kafin shekara ta zagayo, wani ne ke sayar da kayan waya a wurin, ma'aikata sun watse, masu ciniki sun yi gaba.

Abin da aka raba a irin wannan zama ba ya kai darajar abin da aka rushe, domin mafi tsadar kadarar gidan abinci ba ta shimfiɗuwa a kan tabarma. Suna ne, da amanar da mahauta da masu hatsi suka ba gidan, da ƙafafun jama'a da suka saba da ƙofarsa. Ra'ayin wannan sharhi shi ne, lokaci ya yi da 'yan kasuwarmu za su riƙa tsara sana'o'insu tun suna da rai, ta yadda magada za su gaji rabo a cikin kasuwancin da ke tafiya, su riƙa raba ribarsa kowace shekara, maimakon su raba kayan aikinsa rana ɗaya. Domin kada a ɗauki wannan a matsayin maganar fatar baki, za mu kafa hujja da tarihin wani gidan abinci da iyali ɗaya suka riƙe fiye da shekara 70 a wata ƙasa mai nisa.

Gidan shi ne Kowloon, ana furta shi Kaulun, wanda ke garin Saugus a jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka, a bakin babbar hanya mai lamba 1 da ta fita daga birnin Boston ta yi arewa. An raɗa masa sunan wani yanki ne na Hong Kong, birnin da 'yan kasuwar arewacin Nijeriya suka daɗe da sani, tun da daga can ne masu masana'antu irin su Cha Chi-ming, wanda ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, suka zo mana. Masu gidan 'yan asalin ƙasar Sin ne, abincinsa na Sin ne, amma adonsa na tsibiran tekun Fasifik ne, irin wanda Amurkawa ke kira tiki. Kafin mai karatu ya gane yadda wannan gamin gambiza ya zama sana'a mai riba, sai mun koma baya kaɗan.

A 1882 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar hana leburori 'yan ƙasar Sin shiga ƙasar, kuma ba a soke wannan doka ba sai a 1943. Sai dai dokar ta bar ƙofa a buɗe ga 'yan kasuwa, kuma a 1915 wata kotun tarayya ta yanke hukuncin da ya sa masu manyan gidajen abinci cikin sahun 'yan kasuwa. Daga nan sai 'yan Sin, waɗanda akasarinsu daga yankin Kanton na kudancin ƙasar suka fito, suka riƙa haɗa jari kamar masu adashi suna buɗe gidajen abinci, domin ta wannan hanya mutum yana iya zama a ƙasar har ya kawo iyalinsa. Ga shi kuma wariya ta rufe musu ƙofofin yawancin ayyuka, in ban da wanki da guga da girki. Wato tun asali tilas ce ta sa suka kama wannan sana'a, ita ce kuma ta koya musu cewa dangi su ne bankinsu, su ne ma'aikatansu.

Shi kuwa adon tiki, Amurkawa ne suka ƙirƙiro shi domin kasuwa. Kalmar ta fito daga harsunan Folinisiya, wato tarin tsibiran da suka haɗa da Hawai da Tahiti da Samowa, inda take nufin mutum-mutumin da aka sassaƙa da itace ko dutse. Ba ta da wata dangantaka da tike namu na dabbobi. A daidai lokacin da Amurka ta ɗage dokar hana sayar da barasa a ƙarshen 1933, wani mutum mai suna Ernest Gantt, wanda daga baya ya koma amsa sunan Donn Beach, ya buɗe wata mashaya a Hollywood da ta yi suna da Don the Beachcomber. Ya ƙawata ta da gora da tarun kamun kifi da tarkacen bakin teku, yana sayar da barasar rake da ya gauraya da ruwan 'ya'yan itatuwa. Da ya tashi sayar da abinci, sai ya ɗauki kukuwa 'yan Sin suka riƙa dafa abincin Kanton, shi kuma yana gabatar da shi tamkar na tsibirai. Wani ɗan kasuwa a birnin Oakland, Victor Bergeron, wanda ya buɗe nasa wurin a 1934, ya bi wannan sawu, ya sauya wa wurin suna zuwa Trader Vic's, har ya yi rassa a birane da dama.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sojojin da suka yi aiki a tekun Fasifik suka koma gida da labaran tsibirai. A 1959 Hawai ta zama jiha ta 50 a tarayyar Amurka, jiragen sama kuma suka sauƙaƙa zuwa can. Sai adon tiki ya zama abin yayi daga wannan gaɓar ƙasar zuwa waccan. Masu gidajen abinci 'yan Sin suka duba suka ga cewa abincinsu ne ake sayarwa da tsada a waɗannan wurare, bambancin kawai shi ne rufin ciyawa da fitilu da yankan abarba a gefen faranti. Da yawansu sai suka ɗauki adon suka ɗora a kan girkin da dama nasu ne.

A cikin wannan yanayi ne gidan da muke magana a kai ya taso. A watan Agusta na 1950, wani magidanci mai suna Chun Sau Chin da matarsa Tow See Chin suka buɗe wani ƙaramin gidan abinci mai suna Mandarin House a wani tsohon shagon askirim, wanda kujerunsa ba su wuce 40 zuwa 50 ba. A 1958 'yarsu Madeline da mijinta William Wong suka sayi gidan, suka sauya masa suna zuwa Kowloon, suka shiga yi masa adon tsibirai. Daga nan suka riƙa ƙara masa ɗaki bayan ɗaki cikin shekaru masu yawa, wani ɗakin da siffar jirgin ruwa da zanen dutse mai aman wuta, wani da bishiyoyin kwakwa da ruwa mai tsartuwa, ga kuma ƙaton mutum-mutumi a bakin ƙofa wanda direba ke hangowa tun daga nesa. A ƙarshe gidan ya kai yana ɗaukar mutum 1,200 a zama ɗaya.

A shekarun 1970 yayin tiki ya fara dusashewa, gidaje da yawa suka rufe. Iyalin Wong suka bar adonsu yadda yake, tun da shi jama'a suka san su da shi, amma suka riƙa sauya abin da ke cikin faranti da abin da ke jawo mutane. Suka ƙara abincin yankin Sichuan mai yaji, da na ƙasar Tailan, da sushi na Japan. Suka buɗe zauren wasan barkwanci a saman bene, suka riƙa ba da hayar ɗakuna domin bukukuwa da taruka. 'Ya'yansu shida sun tashi a cikin aikin, kuma su suka karɓi ragamar gidan bayan iyayen. Ɗaya daga cikinsu, Donald Wong, har an zaɓe shi ɗan majalisar dokokin jihar a 2010. Da annobar korona ta hana zama a cikin ɗaki a 2020, sai suka mayar da filin ajiye motocinsu wurin cin abinci da nuna majigi, mutum yana cikin motarsa a kai masa abinci. A farkon shekarun 2020 kuma iyalin suka bayyana shirin rushe tsohon ginin, su gina gidajen haya masu hawa a filin, tare da gidan abinci da bai kai na da girma ba a ƙarƙashin wannan suna.

Darajar wannan tarihi tana ƙara fitowa idan aka dubi maƙwabta. A kan wannan hanya dai, a 1989, aka buɗe wani katafaren gidan abincin Sin mai suna Weylu's, wanda aka gina shi tashi ɗaya da siffar fadar sarakunan Sin, aka kashe masa miliyoyin daloli. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ya rufe cikin bashi, kuma a 2015 aka rushe ginin. Har ila yau a kan hanyar akwai Hilltop Steak House, gidan gasasshen nama da aka buɗe a 1961, wanda a zamaninsa ake yi wa dogon layi. Ya fita daga hannun wanda ya kafa shi, ya yi ta ja da baya, ya rufe a 2013. A jihar Florida kuma akwai Mai-Kai, gidan tiki da wasu 'yan'uwa biyu, Bob da Jack Thornton, suka buɗe a 1956. Iyalin sun riƙe shi fiye da shekara 60, amma da rufinsa ya lalace a 2020 kuɗin gyara ya fi ƙarfinsu, sai da suka shigo da masu jari daga waje a 2021 kafin a sake buɗe shi a 2024. Duk a ƙasa ɗaya suke, doka ɗaya, wutar lantarki ɗaya, amma makoma ta bambanta, kuma bambancin yana cikin tsarin gida.

Abu na farko da ɗan kasuwar Mubi zai lura da shi a tarihin Kowloon shi ne yadda ragama ta sauya hannu a 1958. Saye aka yi. Inda aka yi ciniki kuwa, akwai farashi, akwai takarda, kuma kowa ya san wanda ke da ta cewa. Bugu da ƙari, ta hannun 'ya mace da suruki gidan ya wuce zuwa tsara ta biyu. A wurinmu, inda mata su ne ƙashin bayan sana'ar abinci, sau da yawa 'yar da ta tashi a gindin murhu, wadda ta san sirrin miya da farashin kowane buhu, ita ce ake mantawa da ita ranar da ake shawarar wanda zai riƙe shago, a miƙa makulli ga babban ɗa wanda bai taɓa zuwa cefane ba. Kyan ɗa ya gaji ubansa, haka ne, amma sana'a tana bin hannun da ya iya ne.

Abu na biyu shi ne fili. Duk abin da iyalin Wong suka yi, daga ƙara ɗakuna, zuwa nuna majigi a lokacin annoba, zuwa shirin gina gidajen haya, ya yiwu ne domin ƙasar da suke kai tasu ce. Mai abincin da ya shekara ashirin a shagon haya yana yi wa mai shago aiki ne, domin duk lokacin da ciniki ya bunƙasa kuɗin haya yakan bi shi, ranar da ya rasu kuma babu abin da zai ɗaure magada da wurin. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, kuma takardar shaidar mallaka ita ce abin da banki ke dubawa kafin ya ba da rance mai kauri. Saboda haka ribar farko da ta taru ta fi dacewa da sayen fili da neman takardarsa fiye da sabuwar mota.

Abu na uku shi ne girma a hankali. Daga kujera 50 zuwa 1,200 aikin shekaru ne, kowane ɗaki yana jiran cinikin wanda ya gabace shi. Weylu's ya fara daga inda Kowloon ya ƙare, kuma bashin ginin ya ci shi. A ƙasar da kuɗin ruwan banki ke da nauyi kamar tamu, inda farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo tun bayan janye tallafi a watan Mayu na 2023, wannan darasi ya fi shafar mu fiye da su. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na huɗu shi ne riƙe suna tare da sauya kaya. Mubi gari ne na kan iyaka kuma matattarar hanyoyi. Har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yana cikin yankin arewacin Kamaru da ke ƙarƙashin rainon Ingila, bayan haka ya zama hedikwatar lardin Sardauna. A yau kasuwarsa tana haɗa Gude da Fali da Fulani da Kamwe da Margi da Hausawa, da 'yan kasuwa daga kudancin ƙasar nan, da baƙi daga Kamaru da Cadi masu kawo shanun da ake lodawa zuwa kudu. Ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a 1979, da na Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002. Kowane rukuni da irin abincin da yake nema da lokacin da yake nemansa. Gidan da ya yi suna da tuwo da miyar tafasa ba zai yi asarar sunansa ba don ya ƙara gasasshen kifi irin na Kamaru da dare, ko kunun gyaɗa da masa da safe, ko ya ware zaure mai tsabta domin walima da taron ƙungiyoyi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

To, ta yaya za a raba riba ba tare da an raba tukunya ba? Hanya tana nan a cikin doka. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 1990 sai mutum biyu ne ke iya kafa kamfani, amma sabuwar dokar da aka sanya wa hannu a watan Agusta na 2020 ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar ƙaramin kamfani a Hukumar Rajistar Kamfanoni, da jarin da bai gaza naira 100,000 ba. Kamfani ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Idan filin da ginin da kayan aiki da asusun banki duk suna cikin sunan kamfani, abin da marigayi ya bari shi ne hannun jari, kuma hannun jari yana rabuwa daidai da lissafin gado ba tare da an taɓa cokali ɗaya ba.

Bari mu kawo misali. A ce Musulmi ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi, an biya bashi an zartar da wasiyya. Matar tana da kashi ɗaya cikin takwas, sauran kashi bakwai kuma na 'ya'ya ne, namiji yana da rabon mata biyu. Idan kamfanin yana da hannun jari 800,000, matar za ta sami 100,000, kowane ɗa namiji 200,000, kowace 'ya mace 100,000. Kowa ya sami haƙƙinsa cif, babu wanda aka tauye, gobe da asuba kuma wuta na ci a murhu kamar kullum. A ƙarshen shekara a raba riba bisa wannan lissafi. Iyalan Kirista da masu bin dokar gargajiya, waɗanda ke da yawa a yankin Mubi, su ma suna iya raba hannun jari bisa rubutacciyar wasiyya ko bisa al'adarsu.

Sai dai takardar rajista kaɗai ba ta isa ba. Wajibi ne wanda ke tafiyar da gidan ya zama yana da albashi sananne, dabam da rabonsa na riba, domin kada ya ga yana yi wa 'yan'uwa bauta, su kuma kada su ga yana cin dukiyarsu. Wajibi ne a raba aljihun gida da na shago, a riƙa rubuta cinikin kowace rana, kuma kowane magaji ya sami damar ganin littafi. Wajibi ne kuma a rubuta tun da wuri cewa duk wanda ya so sayar da rabonsa, 'yan'uwa zai fara yi wa tayi, da yadda za a ƙiyasta farashi, da tsawon lokacin biya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana haƙƙin shufu'a, wanda ya ba abokin tarayya fifiko wajen sayen rabon ɗan'uwansa a gida ko filin da ba a raba ba.

Babu shakka za a sami masu cewa wannan misali bai dace da mu ba, kuma suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Ta farko ita ce, gidajen tiki sun dogara ƙwarai da ribar barasa, suna dafa naman alade, suna kuma ado da abin da yawancin masu karatunmu za su kira gumaka. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai kira da a kwaikwayi ko ɗaya daga ciki. Hasali ma su kansu mutanen tsibiran Fasifik da dama sun koka cewa an mayar da al'adunsu da abubuwan da kakanninsu suka girmama kayan ƙawata mashaya. Abin ɗauka a nan lissafi ne kawai: ribar da ke cikin farantin abinci siririya ce, saboda haka gidan da zai daɗe yana bukatar wata kafa ta biyu mai ribar da ta fi kauri. A wurinsu barasa ce. A wurinmu tana iya zama fura da nono da zoɓo da kunun aya masu sanyi, ko kilishin da aka naɗe domin matafiya, ko kwangilar girkin biki, ko hayar zaure.

Hujja ta biyu ita ce, Saugus ba ta ga abin da Mubi ta gani ba. A ƙarshen Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye garin, jama'a suka gudu suka bar shaguna, sai a watan Nuwamba aka ƙwato shi. An kai hare-haren bam a watan Nuwamba na 2017 da kuma ranar 1 ga Mayu na 2018. Daga Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe kan iyakokin ƙasa fiye da shekara guda, abin da ya taɓa duk garin da ke rayuwa da fatauci. Wanda ya ga haka yana iya cewa tsarin shekara hamsin mafarki ne. Amma idan aka duba da kyau, wannan hujja tana goyon bayan ra'ayinmu ne. Abin da ɓarawo ke ɗauka ko wuta ke cinyewa shi ne tukwane da firji da kujeru. Fili yana nan inda aka bar shi, rajista tana nan a hukuma, kuɗin da ke banki yana nan, suna kuma yana bakin mutane. Wanda ya dawo daga gudun hijira da waɗannan a hannunsa ya fi saurin miƙewa fiye da wanda duk dukiyarsa tana cikin shagon haya.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi. Gado haƙƙi ne, kuma ba a tilasta wa magaji ya zauna cikin tarayyar da ba ya so. Wata gwauruwa tana bukatar kuɗi a hannu yau, wani ɗa yana da tasa sana'ar, wani kuma ya yi karatu ba ya sha'awar hayaƙin murhu. Sau da yawa ma kalmar "a bar dukiya a haɗe" ita ce rigar da babban wa ke sawa ya danne marayu da mata. Wannan haɗari ne na gaske, kuma shi ya sa muka nace a kan littafi a buɗe da hanyar fita a rubuce. Tarayyar da babu lissafi a cikinta zalunci ce, gara a raba kowa ya kama gabansa. Amma inda aka tsara cewa mai son fita za a saye rabonsa a kan farashin adalci, to an kare haƙƙinsa, an kuma kare abincin ma'aikata da sauran magada.

Akwai kuma masu tsoron cewa rajista gayyatar mai karɓar haraji ce. Ya kamata su sani cewa dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanonin da cinikinsu bai kai naira miliyan 25 a shekara ba, kuma sabbin dokokin haraji na 2025 sun ɗaga wannan iyaka sama. Akwai ɗawainiyar miƙa bayanan shekara-shekara ga hukuma, amma wannan ɗawainiya ba ta kai asarar rushewar gida ba.

Kada kuma a ɗauka cewa sai 'yan Sin ne suka iya wannan. Alhaji Alhassan Ɗantata ya rasu a Kano a 1955, an raba gadonsa bisa shari'a, amma kamfanin Alhassan Dantata and Sons bai mutu da shi ba. 'Ya'yansa suka ci gaba da shi, har Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025, ya shafe shekaru masu yawa yana jagorancinsa. Abin da ya yiwu a fataucin goro da gyaɗa zai yiwu a tuwo da balangu. Bambancin girman jari ne kawai, ƙa'idar ɗaya ce.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sayar da abinci a Mubi da su gayyaci lauyoyi da malaman da suka ƙware a ilimin gado su zauna wuri ɗaya, su fito da takardar yarjejeniya mai sauƙi da Hausa da Fulatanci wadda kowane iyali zai iya amfani da ita. Muna kira ga sassan koyar da akanta da kasuwanci na manyan makarantun garin da su tura ɗalibansu su koya wa masu ƙananan sana'o'i riƙe littafi. Muna kira ga gwamnatin jihar Adamawa da ta sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa samun takardar mallakar fili, bankuna kuma su riƙa kallon littafin ciniki na shekaru a matsayin shaidar da ta cancanci rance.

Amma babban aiki yana wuyan mai sana'a da kansa. Ya tara iyalinsa tun yana da lafiya, ya faɗi wanda ya ga ya iya, ya saurari wanda ba ya so, a rubuta, a kafa shaidu. Mutanenmu ba sa son wannan zance domin yana kama da kiran mutuwa, alhali kuwa mutuwa ba ta jiran a kira ta. Rumfar da aka kafa yau a gefen kasuwar shanu ba ta fi shagon askirim na 1950 ƙanƙanta sosai ba, kuma ko jikokin mai ita za su ci moriyarta ko a'a, wannan ya danganta ga abin da aka rubuta kafin ranar rabon gado. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.